Python: kuɗin Inna da na Goggo sun haɗe wuri ɗaya, ina matsalar take?

ɗan_Mabera

Assalamu alaikum jama'a, ya zafi. Don Allah masu Python ku agaza min, wallahi kwana uku ke nan ina fama da wanga abu har bacci ba ni yi da kyau.

Innata ita ce uwar adashen unguwarmu, mata 12 ne suna zubi duk Juma'a, wasu 5000 wasu 2000 gwargwadon ƙarfin kowa, kuma duk a littafi take rubutawa, irin mai bangon kwali ɗin nan, ran nan ruwan randa ya zube mishi saura kaɗan shafi biyu su tafi. Sai na ce bari in yi mata ɗan furogiram tunda muna koyon Python, yaren rubuta furogiram, ga shi an fara muna maganar kilas (mazubin abu) da objek (abin da aka fitar daga mazubin) a makaranta amma gaskiya malamin da wani yaren, Java, ya saba, duk misalinshi mota ce da kare da mage, ni ko ban ga inda kare ya shigo maganar adashe ba. A waya nake rubutawa da manhajar Pydroid don ba ni da laptop. Ga abin da na rubuta:

```python
class Mamba:
    zubi = []

    def __init__(self, suna):
        self.suna = suna

    def zuba(self, kudi):
        self.zubi.append(kudi)

    def jimla(self):
        return sum(self.zubi)

a = Mamba("Inna")
b = Mamba("Goggo")
a.zuba(5000)
b.zuba(2000)
print(a.jimla())
print(b.jimla())
```

Abin da nake jira shi ne 5000 da 2000, amma sai ya hito min da 7000 da 7000. Wato Goggo ta zuba dubu biyu an rubuta mata dubu bakwai, in na nuna ma Inna wanga ai sai an yi shari'a a unguwa. Kuma babu wani jan rubutu na kuskure, lafiya lau yake gudu, shi ne abin da ya hi ba ni haushi.

Sannan tambaya ta biyu, mi ne ne wanga self ɗin da anka ce dole sai an sa? Na taɓa mantawa da shi a jimla sai ya ce min wai an ba shi abu 1 alhali 0 yake karɓa, ni ko ban ba shi komi ba, baka biyu ne kawai babu komi ciki. Ni dai kwafe shi nake yi kamar karatun aku, ban san aikinshi ba.

Injiniya_Arkilla

Wa alaikumus salam ƙanena. Kwantar da hankalinka, wannan ramin babu mai Python da bai faɗa shi ba, ni kaina sai da na faɗa har sau biyu. Layi ɗaya ne ya jawo maka, wannan zubi = [] da ka sa a saman kilas kai tsaye.

Ka ɗauka kamar gidanku ne. Abin da ka rubuta a jikin kilas, ba cikin wani fankshin (aikin da ke farawa da def) ba, randa ce a tsakar gida, guda ɗaya tal, kowa na gidan ita yake ɗiba ita yake zubawa. Abin da ka rubuta da self. a cikin `__init__` kuma buta ce, duk wanda ya zo ana miƙa mishi tashi. Kai suna ka ba kowa nashi, amma zubi ka ajiye randa ɗaya, to Inna ta zo ta juye 5000 a randa, Goggo ta zo ta juye 2000 a randar dai, da ka ce a ƙirga na Inna sai Python ya leƙa randa ya ga 7000, bai yi maka ƙarya ba. In kana son ka gani da idonka rubuta waɗannan biyun a ƙasa:

```python
print(a.zubi is b.zubi)
print(vars(a))
```

Na farko zai ce True, ma'ana ba lis (jerin nan na []) biyu ne masu kama da juna ba, lis ɗaya ne ake kira ta ƙofa biyu. Na biyun zai nuna maka abin da ke aljihun a, za ka ga suna ne kaɗai a ciki, babu zubi sam. Gyaran shi ne ka goge na saman ka kawo shi nan:

```python
    def __init__(self, suna):
        self.suna = suna
        self.zubi = []
```

Dalili, jikin kilas sau ɗaya Python yake karanta shi, lokacin da ya ci karo da kalmar class ɗin, amma `__init__` duk sanda ka ƙirƙiri sabuwar mamba sai ya sake gudu, don haka kowace sai a yanka mata sabon lis fil.

Yanzu abin da nake so ka riƙe da kyau, don in ka gane shi ka gane rabin maganar objek a Python. Idan ka rubuta a.zubi, ba wai an riga an san inda zubi yake ba ne tun kafin furogiram ya tashi, a'a, a lokacin ne ake fita nema. Ana fara laluben aljihun a ɗin kanshi, in babu a tafi kilas ɗinshi, in babu a can a tafi kilas ɗin da ya gada, har a kai ga kakan kowa wanda ake kira object, in nan ma babu sai ka ga AttributeError, kuskuren da ke cewa babu wannan sunan. Kamar yaro ne da ke neman almakashi, ya duba jakarshi, ya shiga ɗakin uwa, ya wuce ɗakin kaka. Hatta zuba da jimla ba sa cikin aljihun a, a kilas suke zaune, guda ɗaya ga kowa, kuma hakan ake so, don aikin iri ɗaya ne, kuɗin ne ya kamata ya bambanta.

To daga nan amsar self ta fito. Tunda fankshin ɗin zuba guda ɗaya ne ga mata 12, ta yaya zai san wa ke gabanshi? Sai an faɗa mishi. Idan ka rubuta a.zuba(5000) Python yana juya shi ya koma Mamba.zuba(a, 5000), gwada rubuta na biyun da hannunka ka gani, aiki ɗaya za su yi. Wato abin da ya zo kafin ɗigo, a ɗin nan, shi ake turawa a matsayin baƙo na farko, self kuma kujerar da ka ajiye mishi ce. Ranar da ka manta self, baƙo ya zo babu kujera, shi ya sa ya ce maka an ba shi 1 alhali 0 yake karɓa. Kuma self ba wata kalma ce mai tsarki ba kamar class ko def, al'ada ce kawai, in ka sa ni ko wannan zai yi aiki, amma kar ka yi, duk wanda ya zo karanta kod ɗinka sai ya zage ka a zuci.

ɗan_Mabera

Allahu akbar! Yaya Allah shi saka da alheri, na gyara ya ba ni 5000 da 2000 cif. Na gwada Mamba.zuba(a, 5000) ɗin ma ya yi, wallahi sai da na yi dariya ni kaɗai a zaure har ƙanena ya leƙo.

Amma akwai abin da ya ɗaure min kai. Kafin wanga na taɓa sa makonni = 0 a saman kilas, daidai inda na sa zubi, kuma ina yin self.makonni += 1 a cikin zuba, shi ko bai taɓa haɗewa ba, kowace nata daban. Don mi randar lamba ba ta haɗe ba sai ta lis?

Injiniya_Arkilla

Tambaya mai kyau, nan ne wurin da ake zamewa. Bambancin karantawa ne da ɗorawa. Nema daga aljihu zuwa kilas zuwa kaka na karantawa ne kawai. Amma duk sanda ka rubuta self.wani_abu = kaza, da alamar daidai, to a aljihun objek ɗin ake ajiyewa, ba a taɓa na kilas. self.makonni += 1 ma'anarshi self.makonni = self.makonni + 1, ɓangaren dama ya je randa ya karanto 0, ya ƙara 1, ɓangaren hagu ya zuba a sabuwar buta ta Inna, daga ranar in an zo nema a aljihunta za a fara samu, ba za a ƙara isa randa ba. Lamba a Python ba a canza ta a wurin da take, sai dai a samar da wata. Shi kuwa append babu alamar daidai a ciki, ya je ya samo lis ɗin ne ya cusa mishi abu a inda yake.

Kuma kar ka ce to bari in yi wayo in rubuta self.zubi += [kudi], wannan ya fi muni, don lis idan aka yi mishi += a wurin yake faɗaɗa shi, sannan ya ɗora sunan a aljihunka, sai ka duba vars ka ga zubi ya bayyana ka ɗauka ka tsira alhali har yanzu randar ce. Ƙanin wannan ramin shi ne def f(x=[]), shi ma lis ɗin sau ɗaya ake ƙirƙirar shi, ka kiyaye.

Maman_Data

Sannu ɗan Mabera, ka gaida Inna, uwar adashe ai ba ƙaramin riƙon amana ba ne. Injiniya ya gama da maganar randa, ni abin da zan ƙara na wanda ya fito daga hannun malamin Java ne, don ni ma ta can na biyo kuma sai da na sha wuya kafin na daina rubuta Java da harafin Python.

A Java kilas kamar mazubin bulo ne na ƙarfe, abin da ka zana shi zai fito, ba ƙari ba ragi, kuma tun kafin furogiram ya tashi kwamfaila, mai fassara wa kwamfuta kod ɗinka, zai tare ka a ƙofa in ka kira abin da babu. Python ba haka yake ba, objek ɗinshi jaka ce mai buɗaɗɗen baki, ko bayan an ɗinka ta kana iya jefa mata abu. Rubuta a.lambar_waya = "kaza" yanzu ka gani, zai karɓa salin alin duk da babu lambar_waya a ko'ina cikin kilas ɗinka, kuma b ba za ta samu ba. Daɗi ne da wahala a haɗe. Ni abin da ya same ni a wani wurin aiki da na yi, muna tattara bayanan manoman albasa, na zo gyara adadin buhunan mutum na rubuta buhunna da n biyu maimakon buhuna, Python bai ce uffan ba, ya buɗe sabon gurbi ya ajiye sabon adadin a can, tsohon kuma yana nan yadda yake, rahoto ya fita da tsohuwar lamba, sai da aka kira ni ana tambaya na zauna tun bayan azahar har magariba ina bin layi ɗaya ɗaya kafin na ga n ɗin nan. Tunda a waya kake bugawa kai ma sai ka yi hattara, kibod ɗin waya ya iya ƙara harafi. In kana so a tare ka sa wannan a saman kilas:

```python
    __slots__ = ("suna", "zubi")
```

daga nan duk sunan da ba ya cikin biyun nan za a ƙi shi da AttributeError. Sai dai in ka sa shi vars(a) zai daina aiki don an cire jakar gaba ɗaya, don haka ka gama wasa da vars tukuna.

Haka maganar private da za a koya muku, wato kulle abu kar a taɓa shi daga wajen kilas, babu ita a Python irin ta Java. In ka fara suna da layin ƙasa ɗaya, _zubi, kamar labule ne a ƙofar ɗaki, mai kunya ba zai ɗaga ba amma babu kwaɗo. In ka sa biyu, Python zai sauya sunan a ɓoye ya koma `_Mamba__zubi`, wanda ya san hakan zai shiga abinshi, don an yi shi ne saboda kar sunaye su yi karo a wajen gado ba don tsaron ɓarawo ba.

Abin da ya fi burge ni kuma shi ne Python ba ya tambayar asalinka, abin da ka iya yake dubawa. Misali wasu matan tsaba suke kawowa wasu taransifa suke yi, sai ka yi kilas Tsaba da kilas Taransifa kowanne da fankshin mai suna rasit, ka zuba su a lis ɗaya ka bi su kana kiran x.rasit(), zai yi aiki ko da ba su haɗa uwa ba ba su haɗa uba ba. A Java sai ka fara rubuta musu takardar yarjejeniya ko ka sa su gaji kilas ɗaya. Turawa da agwagwa suke misalta wannan, wai in abu yana tafiyar agwagwa yana kukan agwagwa to a ɗauke shi agwagwa. Illarshi dai ita ce wadda na faɗa, in ɗaya ba shi da rasit ba za ka sani ba sai ranar da layin ya gudu.

Af, kuma kana iya rubuta kuɗi da ɗ ɗinta mai lanƙwasa a sunan bariyabul, Python 3 yana karɓa, ni dai ba na yi saboda ba kowane kibod ke da ita ba. Sannan ka bar kuɗin a cikakkiyar lamba yadda ka yi, kar ka shigo da mai ɗigo, buga 0.1 + 0.2 ka ga abin mamaki.

Baba_Kwamfuta

Yara kun yi ƙoƙari, amma bari tsoho ya ɗan ɓata muku shagali. Ɗana, mata 12 da zubin mako mako, wannan ko kilas ba ya buƙata. Dikshinari ɗaya, wato ma'ajin da ke haɗa mabuɗi da abin cikinshi, suna ya zama mabuɗi lis ya zama abin ciki, fankshin biyu, ka gama kafin shayi ya huce. Ban ce kar ka koya ba, ka koya, amma na ga samari da yawa da zarar an nuna musu kilas shi ke nan ko gaisuwa za su rubuta sai sun yi mata kilas uku da gado hawa huɗu, wanda ya riƙe sabuwar guduma komai ƙusa yake gani.

Shi wannan tsari ba jiya aka fara shi ba. A Norwe ya tsiro da yaren Simula na 1967, Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard, su kuma kwaikwayon abubuwan duniya suke yi a kwamfuta, abubuwa masu yawa kowanne da halinshi yana sauyawa, shi ya sa suka buƙaci a ɗaure bayani da aikinshi wuri ɗaya. Sai Alan Kay da abokan aikinshi a Xerox PARC ta Amurka suka zo da Smalltalk a shekarun 1970, shi abin da ya fi damunshi saƙo ne, ka aika wa objek saƙo shi ya san yadda zai amsa, wanda shi ne maganar agwagwar da Hajiya ta kawo. Guido van Rossum ɗan ƙasar Holan da ya fitar da Python a 1991 bai tilasta wa kowa kilas ba, ba kamar Java ta 1995 da aka gina ta komai sai a cikin kilas ba. JavaScript ma da kuke gani sai 2015 kalmar class ta fara aiki a cikinta, kuma har gobe a ƙarƙashi objek ne ke jingina da wani objek, in an nemi abu babu a haura sama, irin neman almakashin da Injiniya ya faɗa. Ruby kuma ba ta sa ka rubuta self a jerin baƙi, @ take sawa gaban suna.

Ga yadda nake aunawa. In na ga ina ta jan dikshinari ɗaya ina miƙa shi ga fankshin biyar shida, kuma akwai doka da ba na so a karya, to lokacin kilas ya yi. A naka aikin dokar ba a kan Mamba take ba, a kan adashen kanshi take: wa zai kwasa wannan makon, kar wadda ta kwasa ta sake kwasa kafin zagaye ya cika, kar a ba da kwasa alhali wata ba ta zuba ba. Ka yi kilas Adashe wanda ke riƙe da lis na mambobi da layin kwasa. Kuma don Allah kar ka sa Adashe ya gaji Mamba ko Mamba ta gaji Adashe, adashe yana da mambobi ne, ba shi ne mamba ba. Gado sai inda za ka iya cewa wannan irin wancan ne ba ka yi ƙarya ba.

Injiniya_Arkilla

Baba ran ka ya daɗe, maganar Adashe da Mamba na sallama, haka ne. Amma na dikshinari ban bi ka ba gaba ɗaya, don yaron da dikshinari ya fara da bai ci karo da randa ba yanzu, da sai ya haɗu da ita a aikin da ake biyanshi. Gara ya faɗa ramin da kuɗin gwaji. Kuma in rubutun `__init__` ne ya yi yawa ai akwai dataclass, mai rubuta maka shi da kanshi, tun Python 3.7 na 2018, wanda ma in ka sa mishi lis haka kawai a matsayin abin farawa ƙin karɓa yake yi da ValueError, sai ka bi ta default_factory, ka ga su kansu masu yaren sun san mutane nawa ramin nan ya cinye.

ɗan_Mabera

Na gode ƙwarai Baba, na gode Hajiya, Inna tana amsawa ta ce Allah shi yi albarka. Na yi kilas Adashe ɗin, na sa mishi mambobi da layi duk a cikin `__init__` wannan karon, ba ni ƙara kusantar randa. Kwasa tana ƙi in akwai wadda ba ta zuba ba har ta buga sunanta, Inna ta ce wanga wuri ya hi mata komi daɗi don ba sai ta buɗe baki ta kira sunan mutum ba.

Sai dai wata sabuwa, jiya na shigar da zubin mako uku na duka matan, wayar ta mutu don kwana biyu ba mu ga wuta ba, da na samu caji a shagon bakin titi na buɗe sai na tarar babu komi, duk objek ɗin sun tafi. Ina suke zuwa in an rufe?

Maman_Data

Hhhh a RAM suke zaune ɗana, wato ma'ajin wucin gadi na waya, furogiram na rufewa an share. Sai ka ajiye su a fayil, ka fara da json, tsarin rubuta bayanai a fayil, tunda yana cikin Python ba sai ka sauko da komai ba, amma ba zai karɓi Mamba kai tsaye ba sai ka mayar da ita dikshinari, in ba ka sa slots ba vars(a) ya ishe ka, Baba zai ce ai na faɗa muku. In abin ya girma sai sqlite3, ƙaramin rumbun ajiyar bayanai. Kafin nan dai kar ka bari Inna ta yar da littafinta.